Ina asalin kalmar "virus", kuma me za mu kira ta da Hausa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni malamar kimiyya ce a wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a ƙasar Ringim. Littafinmu da Turanci yake, amma yara ba sa ganewa sai na juya musu da Hausa. Da muka zo kan virus na ce musu ƙwayar cuta ce. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ai makon jiya ma da muka yi bakteriya ƙwayar cuta na ce, to wacce ce wacce? Wani yaro kuma ya ce yayansa mai cajin waya ya ce virus ta cinye masa memori, shin ita ce ta korona? Na rasa amsar da za ta gamsar da su. Don Allah daga wane harshe kalmar ta fito, me take nufi tun asali, kuma yaya sauran al'ummu suka yi da ita? Ko tana da sunan Hausa da ban sani ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Sannu da fama da yara, Allah ya ba da lada. Ita kuwa yarinyar nan da ta ɗaga hannu ki gaishe mini da ita, domin ta sosa mini inda ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi. Na shafe shekara talatin da 'yan kai a ɗakin gwaje-gwaje na ƙananan asibitocin karkara, tsakanin ƙasar Gumel da ta Haɗeja, kuma sau da dama ana sa ni cikin masu juya saƙon rigakafi zuwa Hausa kafin a miƙa wa masu shela. Duk tsawon lokacin nan babu kalmar da ta wahalar da mu kamar wannan.

In na fahimce ki, abu uku kike nema: inda kalmar ta samo asali, yadda aka yi suna ɗaya ya hau kan cutar mutum da ta waya, da abin da za ki faɗa wa yara da Hausa wanda ba zai cakuɗa musu ita da bakteriya ba. Na ƙarshen ya fi nauyi, amma ba a kai gare shi sai an bi ta kan na farko.

Ma'anarta ta farko dafi ne

Kalmar ta Latin ce, harshen mutanen Rum na dā, wanda Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci suka tsiro daga jikinsa. Su da "w" suke fara ta, su ɗan ja: wiirus. Abin da suke nufi kuwa shi ne dafi. Da za a nuna wa mutumin Rum na shekara dubu biyu da suka wuce ruwan da ke fita daga haƙorin kububuwa, da wannan suna zai kira shi. Suna kuma faɗar ta ga ruwan tsiro mai guba, da yauƙi irin na dodon koɗi, har da wari mai hawa kai. Babu zancen wata 'yar halitta a ciki ko kaɗan. Ruwa ne kawai mai cutarwa.

Tana da 'yan'uwa a wasu harsuna masu nisa da juna. A Sanskirit, tsohon harshen malaman Indiya, sunan guba "visha", kuma har gobe masu jin Hindi "vish" suke cewa. Tsohon harshen Iran ma kusan haka yake faɗa. A Girkanci "ios" ne, "w" ɗin farko ta faɗi a hanya. Masana harshe sun tabbatar duk daga tushe ɗaya suke, sai dai a Latin "s" ɗin tsakiya ta rikiɗe ta zama "r". Kada wannan ya ba ki mamaki, mu ma muna yi: wani ya ce maras lafiya, wani ya ce marar lafiya; wani ya ce ya zubas, wani ya ce ya zubar.

Wani abu kuma, a Latin ba ta da jam'i. Suna ɗaukar ta yadda muke ɗaukar hayaƙi ko zuma, abin da ba a ƙirgawa. Sai daga baya Turawan Ingila suka yi mata jam'i irin nasu, "viruses". In kin ga wani ya rubuta "viri" ya yi kuskure, don wannan a Latin maza yake nufi.

A Turanci an fara ganin ta a rubuce a 1398, cikin wani littafin ilimin halittu da John Trevisa ya fassara daga Latin. Ta yi ɗaruruwan shekaru a bakin likitoci tana nufin mugunya da ruwan gyambo. Zuwa 1728 ta fara ɗaukar ma'anar abin da ke kwasar cuta daga wannan jiki ya kai wancan. Da Edward Jenner, wani likitan Ingila, ya ɗebi ruwan ƙurjin da ake kamuwa da shi daga hantsar saniya ya tsaga hannun wani yaro ya shafa masa a 1796, don ya kare shi daga agana, wannan ruwa "virus" ya kira shi. Aikin nan nasa shi ne kakan lambar da ke damtsen dattawanmu, kuma shi ya kai duniya ga shelar kawar da agana a 1980.

To ga inda zancen ɗalibarki ya shigo. Louis Pasteur na Faransa, wanda ya fara yi wa mutum rigakafin haukan kare a 1885, yana kiran kusan duk abin da ke haddasa cuta mai yaɗuwa da wannan suna, har da waɗanda yau muka san bakteriya ne. Wato a zamaninsa kalmar ta yi faɗi daidai da yadda "ƙwayar cuta" ta yi faɗi a wurinmu yau. Ki gaya mata ba Hausa ce ta gaza ba. Su ma Turawan sun zauna da kalma ɗaya mai ɗaukar komai, har ranar da aiki ya tilasta musu rarrabewa.

Matacin da ya raba su

Abin da ya tilasta musu kuwa mataci ne. A 1884 Charles Chamberland, abokin aikin Pasteur, ya ƙera mataci na tangaran wanda ba a yi wa shafe ba. Ki duba sabon tulu in an cika shi da ruwa, yadda bayansa ke tsattsafo: ruwan na bi ta wasu ƙofofi da ido ba ya gani. Haka matacin yake, sai dai ƙofofinsa sun yi ƙanƙantar da bakteriya ba ta iya ratsawa. Mutanenmu sun san wannan hikima tun lokacin yaƙi da kurkunu, da ake raba ƙyallen tace ruwan tafki. Abin da ya fi ƙofa girma sai ya maƙale a sama.

A 1892 wani Barashe, Dmitri Ivanovsky, yana binciken cutar da ke sa ganyen taba ya yi dabbare-dabbare. Ya matse ganye mai cutar, ya tace ruwan da wannan mataci, ya shafa wa lafiyayyen ganye. Sai shi ma ya kamu. Ivanovsky ya fi karkata ga cewa wata guba ce da bakteriya ta zubar ta ratsa matacin. Bayan shekara shida, a 1898, Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ya maimaita gwajin, ya lura da abin da ya warware zancen: in ka ɗebi ruwan ganye na biyu ka shafa wa na uku, na uku ka shafa wa na huɗu, ƙarfin cutar ba ya raguwa. Guba kuwa in ana ta sirka ta dole ta salance. Ashe abin hayayyafa yake yi, kuma ba ya yi sai a cikin ganye mai rai da ke kan girma. Ya kira shi rayayyen ruwa mai yaɗa cuta, ya kuma ɗauko tsohuwar kalmar nan ya liƙa masa. A shekarar dai wasu Jamusawa biyu, Loeffler da Frosch, suka ga haka a ciwon baki da kofato na shanu, sannan a 1901 aka tabbatar da shi a zazzaɓin shawara, wanda shi ne na farko a cututtukan mutane.

An daɗe ana cewa "virus mai ratsa mataci", don a bambanta ta da sauran. Sannu a hankali aka yar da jelar, sunan ya zama nata ita kaɗai. Duk wannan fa ba wanda ya taɓa ganin ta. A 1935 Wendell Stanley na Amurka ya tace ta tabar har ta daskare kamar ɗiyan gishiri, sai a 1939 aka ɗauki hotonta a Jamus da sabon madubi mai aiki da ilektiron a maimakon haske.

Ni madubin likitan da na yi aiki da shi yana ninka girman abu sau dubu. Da shi nake ganin ƙwayar tarin fuka in na rina majina, 'yan siraran sanduna jajaye. Amma shekara talatin ban taɓa ɗora ido kan virus ko guda ba, kuma duk mai irin madubina haka yake. Yawancinsu girmansu tsakanin nanomita 20 ne zuwa 300, nanomita kuwa milimita ɗaya ce aka raba gida miliyan. Ta shan-inna kamar 30 take. Sai kin jera sama da dubu 30 kafin su cike tsakanin ƙananan zane biyu na rular da ke hannun ɗalibanki.

Amma girma ba shi ne babban bambancin ba. Bakteriya halitta ce mai zaman kanta, tana ci, tana girma, ta rabe biyu. In na shafa ta a faranti mai abincinta na rufe, da safe zan tarar ta yi tsiro. Ita virus ba ta da wannan. Ɗan umarni ne kawai a naɗe cikin kwasfa, ba ta ci, ba ta motsi, sai ta shiga cikin ƙwayar halittar mutum ko dabba ko tsiro ta mayar da ita mai yi mata aikin buga irinta. In ina yi wa manoma bayani da ƙuduji nake misali: irinsa na kwance a ƙasa shekara da shekaru ba ya tsira, sai ya ji saiwar gero ko dawa a kusa, ya kama ta ya rayu da ita. Misalin bai cika ba, don ƙuduji tsiro ne mai ganye da fure nasa, amma yana kusantar da abin. Manoman ƙasar nan ma sun ɗanɗana aikinta tun ba su san sunanta ba. Annobar da ta ƙanƙance gyaɗa ta nannaɗe ganyenta a 1975, ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa, virus ce, ƙananan ƙwarin nan masu kawo darɓa ke ɗaukar ta daga gindi zuwa gindi.

Ki lura da wannan, don za mu dawo kansa: sunan yana cewa dafi, amma abin da aka gano ba dafi ba ne. Wanda maciji ya sara ba ya shafa wa mai jinyarsa, dafin da ya shiga shi ke nan. Ita kuwa ƙwaya ɗaya ce ke shiga ta fito dubbai.

Yadda wasu harsuna suka karɓe ta

Mafi yawan harsuna aro suka yi, kowa ya lanƙwasa ta daidai bakinsa. Rashawa da Turkawa da Jamusawa da Faransawa duk "virus" ɗin ce da lafazinsu. Japanawa sun bi tsohon furucin Latin suna cewa "uirusu". Larabci ba shi da "v", sai Larabawa suka ce "fairus", jam'i "fairusat". Malaman Siriya, da yake da Larabci suke koyar da likitanci, sun tono tsohuwar kalma "huma", wadda asalinta dafin kunama ne. Ba "humma" mai nufin zazzaɓi ba, kodayake a kunne sun yi kama.

Wanda ya fi burge ni shi ne Suwahili. Su a harshensu suna da yawa da "ki" yake farawa in tilo ne, ya koma "vi" in jam'i ne. Da suka ari "kitab" daga Larabci sai suka ce "kitabu" littafi ɗaya, "vitabu" littattafai. To da "virusi" ta zo musu, kunnensu ya ji "vi" ɗin nan a matsayin alamar jam'i, sai suka ƙirƙiro mata tilo, "kirusi". Kalmar da ba ta da jam'i a gidansu ta je Gabashin Afirka ta zama jam'i, har aka haifa mata tilo. Mu ma haka muka yi da "al-kitab" ɗin, muka haɗiye "al" muka narkar da ita ta zama littafi, yau ba wanda zai ce miki baƙuwa ce. Harshe mai rai haka yake yi da kayan aro.

Wasu kuwa sun ƙi aro, suka fassara. Mutanen Sin suna cewa "bingdu", wato ciwo da guba a haɗe. A Hindi akwai "vishanu", guba da ƙwayar zarra. Girkawan yau sun dawo da "ios" ɗinsu na tun fil azal. Ibrananci ya ƙera "nagif" daga saiwar da ke nufin bugu da annoba, mutanen Aisilan kuma suka farfaɗo da wata tsohuwar kalmarsu, "veira", mai kama da ta Latin a kunne. Maƙwabtanmu Yarabawa sukan ce "kokoro", ƙwaro, ga duk ƙananan abubuwan da ke sa cuta, kin ga su ma suna da irin matsalarmu.

A Hausa "v" ba ta zama, galibi "b" take komawa: direba, shebur, bidiyo, baranda, talabijin. Shi ya sa a nan Nijeriya, da muka ji ta daga bakin masu Ingilishi, ta zama bairas ko bairos. 'Yan'uwanmu na Nijar daga Faransanci suka ji ta, sai ta fi kusa da birus. In kin zauna a kasuwar Maigatari za ki iya jin duka biyun a rumfa ɗaya.

Ta waya

Yaron nan ki kwantar masa da hankali, ta waya ba ta kama mutum, ta mutum ba ta kama waya. Aron suna ne. A 1983 wani ɗalibi a Amurka, Fred Cohen, ya rubuta ɗan umarnin kwamfuta da ke maƙalewa a jikin wata manhaja, in an buɗe ta sai ya kwafi kansa ya shiga wata. Malaminsa Leonard Adleman ne ya ba shi sunan, saboda halinsu ɗaya: ba ya iya komai shi kaɗai, sai ya sami mai masauki ya sa shi yi masa aiki. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a Lahor ta Pakistan suka saki wanda aka sani da Brain, ya bi faifan kwamfuta ya zaga ƙasashe. Mutum ne ke rubuta shi da gangan, ba halitta ba ce. Kuma a abin da na gani a rumfunan caji da tura waƙa, sau da yawa in an ce bairos ya cinye memori, memorin ne jabu ko ya lalace.

Haka kuma Turawa suka sake ara suna siffanta bidiyon da ya bazu a Facebook ko TikTok da wannan kalma. Wannan kam ba mu da bukata, muna da "ya karaɗe gari" da "ya bazu kamar wutar daji".

To mu me za mu ce?

"Ƙwayar cuta" kalma ce mai kyau, ban yarda a yar da ita ba. Ita ta fara shigar wa mutanenmu da fahimtar cewa akwai wani abu ƙanƙani da ke shiga jiki, ba iska ba, ba sammu ba. Damuwar ita ce ƙwaya ta ɗauki kaya fiye da kima. Ƙwayar hatsi, ƙwayar ido, ƙwayar magani, ƙwayar da matasa ke sha, ƙwayar halitta, ƙwayar jini. Na taɓa rubuta wa mai shela cewa ƙwayar cuta tana shiga ƙwayar halitta kuma ƙwayar magani ba ta kashe ta, ya karanta sau biyu ya miƙo mini takardata.

Kuma wannan ruɗani ba a aji kaɗai yake tsayawa ba, yana cin kuɗi, yana cin lafiya. Wata ranar kasuwa wata mata ta kawo mana ɗanta ɗan shekara biyu, ƙyanda ta fito masa, idanu sun yi ja sun liƙe da kwantsa, leɓe ya bushe. Ta kwance bakin mayafinta ta zuba mini sauran kafso ja da yalo a tebur. Kwana huɗu tana ɓarewa tana zuba garin a koko tana ɗura masa. Na tambaye ta wa ya ba ta, ta ce mai kemis ya ce ƙwayar cuta ce ta kama shi, wannan kuwa maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. Kin ga a Hausance ba wanda ya yi ƙarya, magana ta hau kan magana daidai. Amma ƙyanda bairas ce, kafson kuwa bakteriya kaɗai yake kashewa, don yana lalata wasu sassan jikinta ne da ita bairas ba ta da su sam. Kuɗin da za ta auni gero ya tafi a banza, yaron da ke bukatar bitamin A da ruwa da saukar da zazzaɓi da kula da ido ya yi kwana huɗu bai samu ba. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma na daɗe ina tuna kafson nan a kan teburina. Ga kuma illar da ba a gani nan take: yawan shan irin wannan magani ba bisa ƙa'ida ba shi ke sa bakteriya ta saba da shi ta yi taurin kai, ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi ci.

To ko mu bi hanyar mutanen Sin, mu fassara asalin, mu ce "dafin cuta"? An taɓa kawo wannan shawara a gabana. Bayan an dawo da rigakafin shan-inna a Kano a 2004, wanda aka dakatar a 2003 saboda zargin da ya bazu cewa an sa masa wani abu, muna zaune a zauren wani dagaci muna gyara kalmomin shela. Wani matashin abokin aikinmu mai son Hausa ƙwarai, wanda ya karanta asalin kalmar, ya ce ga fassara tsaf, dafin cuta. Kowa ya ji daɗinta a kunne. Sai wata tsohuwar ungozoma da ke zaune bakin ƙofa ta ce, "To ɗana, in na shiga gida uwa ta tambaye ni me ke cikin ɗigon nan, sai in ce mata dafi ne aka rage wa ƙarfi?" Zauren ya yi tsit. Gaskiya ne ɗigon na ɗauke da bairas ɗin da aka raunana don jiki ya koyi yaƙar ta, kuma da bayani ana fahimtar haka. Amma da mun sa kalmar dafi a bakin masu shela a wannan lokaci, da mun rushe aikin da hannunmu. Tun daga ranar na bar sha'awar wannan fassara. Ban da haka ma, ta ɗauko kuskuren da Beijerinck ya gyara tun 1898.

Wasu na jin nauyin aro, suna ganin kamar an ci amanar harshe. Ni ban ga haka ba. Suna ba dole ne ya faɗi gaskiyar abu ba, aikinsa ya nuna abu ɗaya kada ya nuna wani. Shan-inna na ɗauke da tsohon imani cewa Inna ce ta shanye ƙafar yaro, amma da wannan suna aka yi aikin har aka yi shelar kawar da asalin cutar daga Afirka ranar 25 ga Agusta, 2020. Maleriya a Italiyanci mugun iska take nufi, namu ma "zazzaɓin cizon sauro" ya fi nasu daidai. Korona kambi take nufi a Latin, an sa mata a 1968 saboda 'yan tsinin da suka kewaye ta a hoto. Inda suna ke cutarwa shi ne in ya hau kan abu biyu. A 2020 wasu sun riƙa kiran korona murar mashaƙo, sai ga shi a ƙarshen 2022 annobar da ake kira mashaƙo ta ɓarke a Kano, wadda ita bakteriya ce, tana da maganinta da rigakafinta daban. Na ji da kunnena ana cewa ai koronar ce ta dawo.

Don haka abin da nake yi, kuma nake ba ki shawara, shi ne ki bar "ƙwayar cuta" a matsayin sunan dangi gaba ɗaya, kamar yadda hatsi ya tattara gero da dawa da maiwa. A ƙarƙashinsa ki ce "ƙwayar bairas" da "ƙwayar bakteriya", jam'i ki ce ƙwayoyin bairas. Rubutun Turancin su riƙe shi don jarrabawa. Wannan ra'ayin ma'aikacin gwaji ne, ba ni ke yanke wa harshe hukunci ba. Daidaita rubutu, bairas ko bairos, aikin malaman Hausa ne na jami'o'i irin Bayero, da gidajen rediyo, da bakin jama'a wanda shi ke da magana ta ƙarshe.

Abu ɗaya ki ja musu kunne a kai. Sanin sunayen nan bai mayar da kowa likita ba. Da ido ba a rarrabe tarin da bairas ta kawo da wanda bakteriya ta kawo, ni kaina sai na gwada. Wani lokaci ma su kan haɗu, ƙyanda ta buɗe ƙofa bakteriya ta shiga huhu, a nan likita zai rubuta irin maganin da na ce bai yi wa ƙyanda aiki, kuma daidai ya yi. Kada kuma su tafi da cewa bairas ba ta da magani sam. Ƙanjamau na da magungunan da ke danne ta mutum ya rayu shekaru lafiya, wasu nau'o'in ciwon hanta ma haka. Sai dai ga yawancinsu rigakafi ne makami, kamar allurar ƙyanda da ake yi wa yaro a wata tara.

In kina son abin ya zauna musu, ki sa su kawo sunayen cututtukan da suka ji a gida, ki ja layi a allo ku raba tare. Ƙyanda da ƙaranbau da shan-inna da haukan kare da yawancin mura da murar tsuntsaye da zazzaɓin Lassa, wanda aka sa wa sunan wani gari a Borno a 1969, duk su tafi ɓangaren bairas. Tarin fuka da kwalara da taifot da mashaƙo da sanƙarau irin na annobar bazara su tafi ɓangaren bakteriya. In wani ya ce shawara ki tsaya a kanta, don a bakin mutanenmu duk wanda idonsa ya yi ɗorawa shawara ce, alhali abubuwa da dama ke kawo haka, wasu bairas, wasu ba ita ba. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, wanda na tabbata shi za su fara kira, ki ja masa layi na uku, don ba ya cikin ko ɗaya. Ƙwayarsa wata halitta ce dabam da ta fi bakteriya girma. In akwai asibiti mai madubi kusa da ku ki nemi izini ki kai su su leƙa, za su gan ta kamar ɗan zobe mai ɗigo a gefe, zaune a cikin jar ƙwayar jini.